Bakwai ɗin da Aka Goge

Ni dai Allah ya yi ni da zargi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Ni ce babba a ɗakinmu, tun ban kai ko'ina ba aka ɗora mani tsaron tukunya da rabon nama, kuma duk wanda ya tashi yana raba wa ƙanne huɗu nama ai dole ya koyi kallon hannun mutane. Da na zama malama sai abin ya samu wurin zama. In ɗaliba ta cika yi mani murmushi sai in ce akwai abin da take ɓoyewa. In ta kawo aiki tsaf babu kuskure sai in ce, wa ya yi maki? Abokan aikina har tsiya suke yi mani, wai ɗan sanda aka so haifa sai aka samu malama.

A lokacin da nake ba da labari ina koyar da Turanci a wata makarantar matan aure da ke wajen Ƙofar 'Yandaka. Da safe yara ne a azuzuwan, mu kuma mu shiga bayan azahar, mu yi sallar la'asar a nan, mu tashi da sauran rana. Ɗalibaina masu goyo ne da zawarawa da 'yan tsofaffi. A ƙarshen shekara akwai jarrabawar fita, wadda in mace ta ci ake ba ta takardar shaida. Ni ke rubuta sunayen waɗanda za su zauna daga ajina in miƙa wa shugabar makaranta. Doka ɗaya ce ba a ɗaga ƙafa a kanta: duk wadda aka kama da kwafar aikin wata, sunanta ba zai shiga ba. Ni ma ina cikin waɗanda suka matsa aka kafa dokar, har ina taƙama da hakan.

Akwai wata dattijuwa a ajin da kowa ke ce wa Inna. Ta ba hamsin baya, tana zama a bencin gaba dab da taga saboda idonta. Shara take yi a wani ƙaramin asibiti, ta daɗe a wurin, sai aka ce masu duk wanda bai kawo takardar karatu ba kafin shekara ta fita za a sallame shi. Ita da bakinta ta faɗa mani ranar da ta zo rajista. Ta ce, "Malama, ni ba boko na zo nema ba, takarda na zo nema, tsintsiyata nake son riƙewa." Rubutunta manya-manya ne, tana danna fensir kamar mai sassaƙa, kuma a aji ba ta cika magana ba. A rajista an rubuta mata Ƙofar Durbi.

Can a bencin ƙarshe kuma akwai wata matashiya, siririya mai shiru-shiru, wadda mijinta ya rasu ba su samu haihuwa ba. Ita a rajista sunan mijin ne a gaban nata, da unguwa Batagarawa. Kanta na ja sosai, abin da na faɗa sau ɗaya ta riƙe ke nan. Ban taɓa ganin ta gaisa da Inna ba. Ba su shigowa tare, ba su fita tare, ko a sahun sallah in wannan ta tsaya a dama waccan sai ta koma hagu.

Abin ya faro ne daga wani aikin gida da na ce kowa ta siffanta gidansu da Turanci. Ina dubawa na ga Inna ta rubuta cewa gidansu akwai rijiya, kusa da rijiyar akwai bishiyar lemun tsami, kuma suna da akuya mai karyayyen ƙaho. Na ba ta maki na wuce. Can ƙasan tulin littattafan sai ga na matashiyar: rijiya, lemun tsami, akuya mai karyayyen ƙaho. Na ce, a'a! Akuyar Ƙofar Durbi ce ta tafi Batagarawa a ƙafa, ko ƙahon ne annoba ta faɗa wa? Na juya littattafan biyu. Dukansu an yi masu bango da takardar buhun siminti, an naɗe kusurwa iri ɗaya. Daga ranar na sa masu ido.

Da na sa ido kuwa sai na fara gani. Matashiyar takan riga kowa shigowa, ta ajiye fensir fiƙaƙƙe a kan tagar gaba ta wuce bencinta. Inna ta shigo, ta zauna, ta miƙa hannu ta ɗauka ba tare da ta waiwaya ba. Ran nan Inna ta yi tari mai tsawo, sai ga ledar ruwa tana tafowa hannu zuwa hannu daga bencin ƙarshe, ita kuwa wadda ta aiko ta duƙar da kai a littafi kamar ba ita ba. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Mutanen da ba su gaisawa amma fensir ɗinsu na gaisawa, ai da walakin goro a miya. Na yanke cewa rashin maganar nan shiri ne don kada in gane, tsohuwar ta samu mai yi mata aiki, yarinyar kuma ko tausayi ne ko wani abu ake ba ta.

Sai na ɗana tarko. Makon nan muna kan wata 'yar gaɓa ta Turanci, kalmomi uku da Bature ke haɗawa in zai ce abu kaza da abu kaza sun tashi kaza, wato add up to. Na rubuta a allo, na sa suka yi ta maimaitawa har masu goyo suka fara jijjiga da ita. Na kawo misali da abin da suka sani: mudu uku na gero da mudu biyu na dawa sun tashi mudu biyar. Na nuna masu kuma akan yi amfani da ita a ce abu daidai yake da wani abu, kamar a ce fashin kwana ɗaya-ɗaya in ya taru daidai yake da barin makaranta. Nan na harari masu fashi, aka yi dariya. Daga nan na ba da aikin gida: jimla biyar, kowacce da wannan gaɓar, kuma kowacce a kan abin da ke cikin gidanku. Dabbobi, kaji, ɗakuna, randuna, sai ta biyar 'ya'ya, maza nawa mata nawa, sun tashi nawa. Wata ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wadda Allah bai ba haihuwa ba fa?" Na ce ta ƙirga 'yan ɗakinsu, ita da 'yan'uwanta. Na san gida biyu ba za su taɓa zuwa ɗaya a lissafi biyar ba.

Washegari ko zama ban yi ba na zaro littattafan nan biyu daga cikin tuli na shimfiɗa su gefe da gefe. Awaki uku da tumaki biyu, biyar. A ɗayan ma haka. Kaji tara da zabi huɗu, sha uku. Haka. Ɗakuna, haka. Randuna, haka. Allah ya yafe mani, daɗin mai farauta nake ji. Na zo jimla ta biyar. Matashiyar ta rubuta maza uku da mata huɗu sun tashi bakwai. Inna ta rubuta maza uku da mata huɗu sun tashi shida. Na ɗaga takardar Inna na haska ta a taga. A ƙarƙashin shidan nan ga sawun bakwai ɓaro-ɓaro, an rubuta an danna, sannan an bi da kilina an goge har takardar ta kusa hujewa.

Na ce, an yi walƙiya! A ganina magana ta ƙare. Ta kwafe komai, da ta zo ƙarshe sai tsoro ya kama ta, ta ce bari in canja wani abu don kada Malama ta gane, sai ta canja abin da ya tona ta. Wadda ta fahimci darasin ba za ta ce uku da huɗu shida ba ne. Ko ɗan da ke rarrafe ya san wannan.

Da aka tashi na ce su biyun su tsaya. Aji ya watse, ya rage mu uku. Inna na bencinta na gaba, matashiyar ta taso ta tsaya nesa da ita, wajen ƙofa. Na buɗe littattafan a kan tebur.

Na ce, "Inna, uku da huɗu nawa ne?"

Ta ce, "Bakwai ne, Malama."

"To me ya kawo shida nan?"

Sai ta hau murza bakin mayafi.

Na juya ga matashiyar. "Ke kuma, akuyarku da ta Inna uwarsu ɗaya ne? Kajinku tara, nata tara. Randunanku ma tare aka gina su? Ku dube ni da kyau, na yi maku kama da wadda aka haifa jiya? Mene ne tsakaninku?"

Idon yarinyar ya ciko. Ta ce, "Malama, don Allah ki yi haƙuri, ai ita..."

Inna ba ta ko dube ta ba. Bango ta kalla ta ce, "A yi mani shiru nan." Muryarta ba ta tashi ba, amma yarinyar ta haɗiye sauran maganar kamar an toshe mata baki. Ni kuwa na ƙara wannan a cikin hujjojina, na ce kun gani, har tsoronta take ji.

Raina ya ɓaci, na faɗi maganganu. Na ce ni ba a kawo mani rainin hankali. Na ce furfura ba lasisin sata ba ce. Wallahi na faɗi wannan, ga mace da ta isa ta haife ni. Na ce jibi zan miƙa sunaye, in ba a faɗa mani wadda ta kwafi wata ba, duka biyun zan cire, kowa ta huta.

Nan Inna ta ɗago. Ta ce, "Malama, ki cire nawa. Ki bar ɗiyar mutane ta yi jarrabawarta, ba ruwanta."

Na ce, "Kin amsa ke nan?"

Ta ce, "Na ce ki cire nawa."

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗauki 'yar jakarta. Ta kai hannu za ta ɗauki littafin na dafe shi, na ce wannan shaida ce, yana wurina. Ta ce, "To, Allah shi ba mu alheri," ta fita. Matashiyar ta tsaya tana kuka mara sauti, sai da ta daidaici Inna ta yi nisa sannan ita ma ta fita. Na kai wa shugaba sunaye babu na Inna. Shugaba ta ce, "Malama, tsohuwar nan fa aikinta ne a kai, ba za a duba ba?" Na ce, "Hajiya, in muka ɗaga wa ɗaya ƙafa gobe goma za su zo. Ita ta amsa da bakinta." Ta sa hannu. Inna ba ta sake zuwa ba. Matashiyar ta ci gaba da zuwa, ba ta ƙara ɗaga hannu a aji ba, ta zauna jarrabawa ta ci da kyau. Ni kuma na riƙa ba sababbin malamai labarin a matsayin darasi, ina cewa ɗalibi sai da ido.

Bayan wata huɗu ko biyar aka yi haihuwa a gidan wata abokiyar aikina a Ƙofar Durbi, muka tafi suna da hantsi. Gidan ya cika maƙil, babu wurin sa ƙafa, sai aka ce malamai su shiga maƙwabta an yi masu shimfiɗa, kamar yadda aka saba. Muka bi wata mata ta zaure muka shiga. Na zauna a kan tabarma ina fifita da gefen mayafi, ina kallon tsakar gidan. Ga rijiya. Ga lemun tsami kusa da ita, ya yi 'ya'ya. Na ji wani abu ya taɓa ni, amma na ce rijiya da lemo ai ko'ina akwai. Sai ga akuya ta fito daga bayan rumbu tana tauna ɓawon rogo, ƙahonta na hagu a karye.

Wallahi ban san lokacin da na fara ƙirga ba. Awaki uku. Tumaki biyu a ɗaure. Randuna a jere a gindin bango, yadda aka rubuta mani su sau biyu. Ban gama ba matashiyar ta fito daga wani ɗaki ɗauke da tiren ruwa. Ta gan ni ta tsaya cak, kofunan suka yi ƙara. Bayanta kuma, a bakin madafa, Inna ce zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana tsince shinkafa, da hantsin ranar aiki.

Na tambayi matar da ta shigo da mu, a hankali, "Baiwar Allah, waccan yarinyar a nan take?"

Ta ce, "Wa, wannan? Ai ɗiyar gidan ce. Ita ce ta farin Inna. Tun da mijinta ya rasu a Batagarawa ta dawo gida." Ta yi dariya ta ƙara da cewa, "Halan ba ki sani ba? Ai ba za ki ji a bakin Inna ba. Ko sunanta ba ta faɗi, in ana ƙirga ɗiyanta ma tsallake ta take yi. Irin mutanen da ne, kunya kamar me."

Na ji kamar an kwara mani ruwan randa. Maza uku, mata huɗu. Hannunta ya rubuta bakwai don shi ne gaskiya, kunyar 'yar fari ta sa ta goge, don takardar za ta zo hannuna in karanta, wataƙila ma a gaban aji, yarinyar na zaune. Ɗiyar mutane! A gabana ta faɗa, da Hausa, ni kuma Bakatsiniya haifaffiyar cikin birni na ji na ɗauka tana nufin bare ce.

Inna ta taso da fara'arta ta tsuguna, ita da ya kamata in tsuguna wa. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi makaranta, ta tambayi gajiya, ta tambayi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Ni dai amsawa nake. Da ƙyar na ce, "Inna, yau ba a je aiki ba?"

Ta ce, "Aiki ai ya ƙare, Malama. Sun ba wata mai takarda. Rabona ne ya ƙare a wurin."

Na ce, "Inna, don girman Allah me ya hana ki faɗa mani?"

Ta kawar da kai ta ce, "In faɗi me?" Sai ta ce bari ta duba tukunya, ta tashi.

'Yar ce ta raka ni zaure da zan tafi. A nan ta faɗa mani sauran. Ta ce kowa a ɗakinta take yin aikinta, Inna ba ta taɓa yarda ta ga littafinta ba, balle ta tambaye ta. In ta kakare gara ta bar wurin fili. Gida ɗaya ne kawai, abin da za su ƙirga ɗaya ne. Ta ce ranar da na tsare su, da suka dawo ta yi ta roƙo a bar ta ta zo ta yi mani bayani. Inna ta aiko ƙanwar yarinyar da amsa, don ko wannan ba za ta faɗa mata baki da baki ba: Malamar nan mai zargi ce, in ta ji gidanku ɗaya cewa za ta yi ke kike yi mata, ta cire ku duka. Na tsaya a zauren nan na auna maganar. Abin da ya fi ci mani rai shi ne gaskiya ta faɗa. Da sun gaya mani a ranar, haka zan ce.

Washegari na je wurin shugaba na zayyana mata komai, ban rage laifina ba. Ta yi salati ta ce bakin alƙalami ya bushe, jarrabawa sai wata shekara. Na je asibitin da kaina, aka ce gurbin an cike. Da sabuwar shekara ta kama na koma Ƙofar Durbi da fom a hannuna da littafinta, na ce Inna ki dawo, ni zan zauna da ke har ki ci. Ta yi godiya sosai, ta sa aka tsinko mani lemun tsami cike da leda. Ta ce ido ya ƙara rauni, kuma takardar me za ta yi da ita yanzu, tsintsiyar da ake nema dominta tana hannun wata. Littafin ma ta ce in riƙe. Na roƙe ta gafara, ta ce, "Haba Malama, aikinki kika yi." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Daga gidanta ban wuce gida ba, na biya wurin tsohuwarmu. Na same ta a tsakar gida tana gyaran zogale. Na zauna kusa da ita, kusa fiye da yadda na saba, har ta ɗan matsa. Shekara talatin da wani abu ina jin tana ce mani "waccan" ko "ke", ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma tun ina yarinya na sa a raina cewa ƙannena ta fi so. Wannan ma zargi ne da na daɗe ina riƙe da shi ban faɗa wa kowa ba.

Na ce, "Iya, wai mu nawa kika haifa?"

Ta ce, "Wace irin tambaya ce wannan da rana tsaka?"

Na ce, "Ni dai faɗa mani."

Ta ci gaba da tsinke ganyenta, ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Huɗu, Allah shi raya."

Mu biyar ne. Na sunkuyar da kai na ja tiren zogalen gabana ina taya ta, don kada ta ga idona. Sai ta tura mani inda ya fi ganye.